Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: Ana Gina Rumbu, Hatsi Na Ruɓewa A Gona

Mai girma Minista,

 Ni tsohon malamin Hausa ne a Kano, na ajiye alli tuntuni, yanzu ba ni da aiki sai karatu da reno jikoki. Na zaɓi in yi maka magana a fili ne don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma in na aika ta ofis, na san irin tafiyar da takarda ke yi daga tebur zuwa tebur kafin ta kwanta.

Duk wanda ya ratsa tsakiyar Abuja, tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar Majami'ar Ƙasa, ya ga wani ƙaton gini da ya tsaya cak. Wannan shi ne mazaunin da aka yi wa Ɗakin Karatu na Ƙasa alkawari. An ba da kwangilarsa a 2006 a kan kuɗi naira biliyan takwas da ɗoriya, aka ce cikin wata 22 za a miƙa mabuɗi. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara haƙa harsashin ya isa shiga jami'a, ginin bai ƙare ba, hukumar ɗakin karatun kuma tana zaman haya kamar baƙon da bai san ranar tafiyarsa ba. A watan Satumba na 2025 uwargidan shugaban ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 da su zuba kuɗin a asusun kammala ginin, aka kuma ba da labarin an tara sama da naira biliyan 20. Allah ya saka mata. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, na ji wani iri a raina: ƙasa mai arzikin mai, sai an yi bikin ranar haihuwa kafin a tuna da ɗakin karatunta.

To, ba don ginin na ɗauki alƙalami ba. Masu maganar ginin suna da yawa, kuma bakinsu ya fi nawa kaifi. Ni abin da ke hana ni barci shi ne abin da za a zuba a ciki. Manomi ba ya yabon rumbu don kyan yaɓensa. In aka gama ginin nan, aka shafa fenti, aka yanke kyalle, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, sannan wani yaro daga Funtuwa ko Gumel ya shiga ya ce a ba shi littafin da uwarsa ta rubuta a 1994, me za a miƙo masa?

Bari in tuna maka asalin abin, ko da yake ka fi ni sani. An kafa Ɗakin Karatu na Ƙasa da dokar 1964, aka buɗe shi a Legas a watan Nuwamba na wannan shekara, da taimakon Gidauniyar Ford ta Amurka wadda ta turo masana suka tsara shi. Wanda ke kan kujerar Firayim Minista a lokacin shi ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ina son ka tsaya a nan kaɗan. Mutumin nan, kafin ya zama ɗan siyasa, malamin makaranta ne kuma marubucin Hausa. Littafinsa Shaihu Umar yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a ƙarƙashin Rupert East a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wato a zamanin marubucin ƙagaggen labari na Hausa aka haifi laburaren ƙasar nan. Ban ce don Hausa ya kafa shi ba. Amma da wuya mutum irinsa ya yi tunanin cewa ɗakin da aka kafa don adana abin da 'yan Najeriya suka rubuta zai tsaya ga Turanci kawai.

Dokar soja mai lamba 29 ta 1970 ita ce ta ba hukumar haƙoranta. Ta ce duk wanda ya buga littafi a ƙasar nan, cikin wata ɗaya ya kai kwafi uku, ɗaya daga ciki a tura wa laburaren Jami'ar Ibadan, wadda ita ce ke riƙe da wannan amana tun 1950 kafin a kafa na ƙasa. Gwamnatin jiha ta kai kwafi goma na duk abin da ta buga, ta tarayya ta kai ashirin da biyar. Dokar ba ta ce littafi mai kyau ba. Ba ta ce na farfesa ba, ba ta ce na Turanci ba. Ta ce duk abin da aka buga. Wannan shi ne bambancin laburaren ƙasa da na makaranta. Na makaranta yana zaɓe, yana duba shekarun yara da manhaja. Na ƙasa ba ya zaɓe, aikinsa ya tattara, don wanda zai zo bayan shekara ɗari ya san abin da muka yi tunani, har da shirmenmu. Faransawa sun fara wannan tun 1537, lokacin da sarkinsu ya ba da umarni a kai wa ɗakin karatunsa kwafin kowane littafi da aka buga a ƙasarsa. Shi ya sa yau in kana neman ƙaramar takardar talla ta Faris ta ƙarni uku da suka wuce, akwai inda za ka je ka tambaya.

Yanzu zo mu shiga kasuwa.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye kuma manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka koma ga littattafan makaranta don su rayu, sai matasa a Kano da kewaye suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Mutum zai rubuta labari a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta, daga nan ya kai wata ƙaramar maɗaba'a a lungu, a buga masa a takarda mai arha irin ta jarida, a raba labarin kashi ɗaya, biyu, uku, don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Dillalai a kasuwar Sabon Gari su ɗauka, su tura Sakkwato da Gusau da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, har zango-zangon Akara da Kumasi. Aka samu Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka samu In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da ɗaruruwa a bayansu waɗanda ko sunayen marubutansu ba a cika tunawa ba. Masana suka raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, wasu da nufin raini, wasu da nufin bayani kawai. Da yawa daga marubutan mata ne, wasunsu daga cikin kulle. Na koyar da 'yan mata shekaru masu yawa, kuma zan rantse maka cewa waɗanda suka iya karatun boko da kyau saboda littattafan nan sun fi waɗanda suka iya saboda ni.

Matsalar ita ce, irin wannan littafi ba ya bin hanyar da doka ta shimfiɗa. Yawancinsu ba su da lambar nan ta duniya da ake kira ISBN, wadda hukumar laburaren ƙasa ce ke bayarwa. Da yawa ba shekarar bugu a jikinsu, ba adireshin maɗaba'a. Marubuciyar da ta sayar da ɗan kunnenta ta buga littafi ba ta taɓa jin wata doka mai lamba 29 ba, balle ta san inda za ta kai kwafi uku. Tarar da dokar ta yanka wa wanda ya ƙi kaiwa ma, da kuɗin yau, ba ta sayi kwanon shinkafa ba, don haka babu tsoro, babu kuma kwaɗayi. Takardar kuwa ba ta da rai: shekara goma ta yi ja, shekara ashirin ta fara karyewa kamar busasshen ganye. Littafi ɗaya sai ya bi hannu talatin, daga mai haya zuwa amarya zuwa ƙanwar miji, har bangon ya cire, sannan ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Wata ɗaliba da na taɓa koyarwa ta zo mini shekarun baya tana rubuta kundin digirinta na biyu a kan yadda marubuta mata suka kalli kishi da zaman gidan miji. Tana neman wasu littattafai na farkon shekarun 1990. Muka zaga inda za mu zaga, muka tambayi tsofaffin dillalai, muka je gidan ɗaya daga cikin marubutan. Baiwar Allah ta yi dariya ta ce ita kanta ba ta da kwafin littafinta na farko, ruwan wata damina ya shiga ɗaki ya cinye adakar da ta ajiye su. A ƙarshe sai wani ɗan'uwan ɗalibar da ke karatu a Ingila ne ya ɗauko mata hotunan shafukan da wayarsa. Littafin da aka rubuta a Kano, aka buga a Kano, aka karanta a Kano.

Ba abin mamaki ba ne, domin Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ya daɗe yana tara littattafan nan, kuma shi da Malami Buba da wani abokin aikinsu suka fitar da kundin sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, aka buga kundin a Jamus a 2004. Laburaren Majalisar Amurka yana da ofis a Nairobi wanda aikinsa ke nan, sayen abin da Afirka ta buga. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, da aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani ne a Indiya ya buga shi a 2012. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, sun yi abin da ya kamata mu yi. A gida ma akwai waɗanda suka yi ɗawainiya da aljihunsu, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero. Sai dai tarin mutum ɗaya yana da ranar rabon gado, kuma magada ba kullum suke sanin darajar takarda ba.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji a zauren malamai: littattafan soyayya ne, suna ɓata tarbiyya, me za a yi da su a laburaren ƙasa? A 2007 har tara su aka yi a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran hali. Ni ma akwai waɗanda ba zan bar jikata ta karanta ba, kuma akwai waɗanda Hausarsu kan sa in riƙe kai. Amma wanda zai rubuta tarihin auren dole, ko na yadda mata suka fara neman ilimin boko da ƙarfi, ko na yadda kuɗi ya shiga tsakanin saurayi da budurwa a zamanin tsuke bakin aljihu, ba a rahoton gwamnati zai samu ba. A cikin waɗannan 'yan littattafan zai samu, da bakin waɗanda abin ya shafa. Daga cikinsu ne ma wasu finafinan Hausa suka samo labaransu. Kuma mun ga abin da ya faru a kudu. 'Yan ƙananan littattafan kasuwar Onica na shekarun 1950 da 1960, su ma raina su aka yi, yaƙin basasa ya zo ya ci kasuwar, yau mai son ganinsu da yawa sai ya leƙa abin da Jami'ar Kansas ta Amurka ta adana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Jaridu ma haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma a shafukanta ne mutanen Arewa suka fara gardamar siyasa da harshensu. Ta yi shekaru sama da saba'in kafin ta yi shiru. A shekarun 1950 larduna sun yi nasu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Kamfanin Triumph na Kano ya fitar da Albishir da boko, ya fitar da Alfijir da ajami. Abin da nake so ka tambaya, ranka ya daɗe, shi ne: a ina ɗan Najeriya zai zauna ya buɗe Gaskiya Ta Fi Kwabo daga fitowa ta farko zuwa ta ƙarshe ba tare da giɓi ba? In akwai wurin, a sanar da mu. In kuwa a warwatse take, wasu a Gidan Arewa, wasu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu a Zariya, wasu a ƙetare, to aikin laburaren ƙasa ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hotonsu, ya haɗa su wuri guda.

Ajami kuwa, shi ne inda abin ya fi yi mini ciwo. Mutanenmu sun yi ƙarnoni suna rubutu kafin Bature ya zo da boko. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma su ne aka sani. Waɗanda ba a sani ba sun fi yawa: wasiƙun fatake, takardun bashi da na gado, littattafan magani, waƙoƙin wa'azi, lissafin taurari da damina, jerin sarakunan wani ƙaramin gari. Suna nan a gafaka, a cikin adaka, a soron malam, gara na ci daga ƙasa, ɗigon ruwa na ci daga sama. Akwai wuraren da suka yi ƙoƙari, kamar Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da Jami'ar Ibadan, haka ma maƙwabtanmu a Yamai suna da nasu tarin. Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan takardun ajami na Hausa ta sa a intanet. Amma kowa nasa yake yi. Babu kundi ɗaya na ƙasa da zai gaya wa mai bincike cewa takarda kaza tana wuri kaza. Kuma ba tsofaffin takardu kaɗai ba: je ka kasuwar Kurmi ko ƙofar kowane masallacin Juma'a, za ka ga sabbin 'yan littattafan ajami a shimfiɗe a kan tabarma. Su ma bugu ne, doka ta hau kansu. Ma'aikacin da bai iya karanta ajami ba, in an kawo masa, zai ɗauka Larabci ne ya ajiye a inda ba za a sake ganinsa ba. Ina fata za ka tambaya ma'aikata nawa hukumar take da su da za su iya bambanta Hausar ajami da Fulatancin ajami da Larabci.

Sabuwar ɓaraka kuma ta fi ta da sauri. Marubutan yanzu da yawa sun bar takarda. A waya suke rubutu, su saki labari shafi-shafi a rukunonin WhatsApp da Facebook da Wattpad, mai karatu ya tura kuɗi a sa shi a rukuni. Wasu ana karanta nasu a rediyo da YouTube. Wayar ta faɗa ruwa, labarin ya tafi. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Dokar 1970 an rubuta ta ne a zamanin tafireta. Faransa ta shigar da abin da ke intanet cikin dokarta a 2006, Birtaniya ta bi a 2013. Mu ma lokaci ya yi, kuma kai ne mai kai irin wannan gyara gaban majalisar zartarwa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar jiran a gama gini. Hukumar tana da rassa a yawancin jihohi. A ba reshen Kano da na Kaduna da na Sakkwato kuɗi a hannu da mutum biyu-biyu masu jin Hausa, su riƙa shiga kasuwa kowane wata suna saye. Kada a zauna a ofis ana jiran marubuci ya kawo kansa, fiye da shekara hamsin ana jira bai zo ba. A bi tsofaffin dillalai da masu hayar littafi tun suna raye, domin a kawunansu kundin yake: su ne suka san wane ne ya rubuta me, a wace shekara, da wane ne ainihin mai sunan aron da ke bango. A sauƙaƙa karɓar lambar littafi, a yi bayaninta da Hausa a rediyo, a zauna da ƙungiyoyin marubuta a gaya musu cewa kwafi ukun nan ba haraji ba ne, shaida ce ranar da wani ya sace maka labari ya yi fim da shi. Takardun gidajen malamai kuma kada a ce za a ƙwace, ba za su bayar ba, kuma suna da gaskiya. A je da kyamara, a nemi izini, a ɗauki hoto a zauren mai gida, a bar masa abinsa tare da akwati mai hana gara. Sannan a rubuta wa Landan da Boston da Kansas a nemi kwafin abin da ke hannunsu. Ba na jin za su hana.

Na yi maganar Hausa ne don ita na sani. Malamin Yarbanci a Ibadan, da na Ibo a Aba, da na Kanuri da Tibi da Nufanci, kowa yana da irin wannan kuka, kuma in ka tara su za ka ji. Cikin biliyoyin da za a kashe a kan siminti da gilashi, ko ɗan abin da bai kai kuɗin shimfiɗa dutsen farfajiya ba aka ware wa wannan aiki, zai yi nisa.

Ni dai ina da kwali biyu a ƙarƙashin gado, littattafan da na ƙwace a hannun ɗalibai a aji cikin shekaru, na yi niyyar ƙonawa ban ƙona ba, daga baya na zauna na karance su. Wasu ban ƙara ganin irinsu a ko'ina ba. 'Ya'yana sun ce in na mutu ba su san abin da za su yi da su ba, kuma na yarda da su. In ma'aikatarka ta shirya wurin karɓa da mutumin da zai rubuta sunayensu a kundi, a sanar a rediyo, zan ɗauko su da kaina a Keke Napep.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyi.

Naka,
Wani tsohon malamin Hausa,
Kano.